Ku Tambayi Goggo: Tsohuwar Buscalan da Ƙayar Lemonta

Assalamu alaikum, masu karatu. A fitowar da ta wuce ina amsa tambaya kan wanzanci, sai na ambaci wata tsohuwa 'yar ƙasar Filifin mai yi wa mutane zanen jiki da ƙaya a cikin layi biyu kacal. Tun daga ranar saƙonni suke shigowa a kanta, har sun fi na wanzancin yawa. Na tsamo biyar daga ciki. Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar gidan wanzamai ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da zabira ya ciyar da mu ya tufatar da mu, don haka maganar zane a jikin mutum magana ce ta tsakar gidanmu.

TAMBAYA: Goggo, na ga hoton wata tsohuwa a Facebook, hannuwanta duk zane tun daga kafaɗa har wuyan hannu, wuyanta cike da duwatsun ado. An rubuta cewa shekararta 106 kuma ita ce a bangon mujallar Vogue. Ƙawata ta ce da kwamfuta aka haɗa hoton. Da gaske akwai ta?
Daga wata ɗaliba a Kano.

AMSA: 'Yata, akwai ta, kuma hoton na gaske ne. Sunanta Whang-od Oggay. Mutanenta suna ce mata Apo Whang-od, Apo kuwa lafazin girmamawa ne, kamar yadda za ki ce Kaka ko Iya. Mujallar Vogue ta ƙasar Filifin ce ta sa ta a bango a fitowar watan Afrilun 2023, kuma ba a taɓa sa wanda ya kai ta shekaru a bangon Vogue ba. Ranar haihuwar da aka rubuta mata ita ce 17 ga Fabrairun 1917. An haife ta a zamanin da ba a rubuta haihuwa a ƙauyensu, kamar dai kakanninmu da ake ƙirga shekarunsu da shekarar fara ko shekarar yunwa, shi ya sa za ki ji wasu suna ja da lissafin. Ko an rage mata wasu shekaru, tsufanta ba abin musu ba ne.

Ƙauyen nata sunansa Buscalan, a gundumar Tinglayan ta lardin Kalinga, can cikin tsaunukan arewacin tsibirin Luzon. Daga Manila, babban birnin ƙasar, kwana ake yi a mota, sannan a sauka a hau dutse da ƙafa, ana ratsa gonakin shinkafa da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tsauni. Ƙabilarta Butbut ce, reshe ne na mutanen Kalinga. Zanen suna kiransa batok, mai yin sa kuma mambabatok. Tana da shekara 15 ta fara koya a hannun mahaifinta, a lokacin da sana'ar ta fi zama ta maza.

Wannan gaɓar ce ta tsaya mini a rai ranar da na fara karanta labarinta. Ni ma na tashi ina kallon mahaifina yana wasa aska a kan fata, ina riƙe masa ƙoƙon ruwa, na san sunan kowane ƙarfe da ke cikin zabirarsa. Amma ranar da na miƙa hannu zan ɗauki ƙaho, sai ya janye shi a hankali ya ce wannan na yayyenki ne. Ban ga laifinsa ba, haka ya tarar. Mahaifin Whang-od kuwa ya dubi hannun 'yarsa ya ga bai rawa, ya miƙa mata kayan aiki. Da bai yi haka ba, da wuya a ce yau akwai wanda ke maganar batok a wajen waɗancan tsaunuka.

Ki san kuma cewa zanen ba na Kalinga kaɗai ba ne tun asali. Da Turawan Sifaniya suka iso tsibiran tsakiyar ƙasar a ƙarni na 16, sun tarar da maza zane tun daga idon sawu har fuska, sai suka sa musu suna Pintados, wato masu fenti a jiki. Akwai wani tsohon kundi na wajajen 1590 da ake kira Boxer Codex, yana ajiye a jami'ar Indiyana a Amurka, hotunansu na ciki. A lardin Benguet kuma akwai gawarwakin mutanen dā da aka busar aka ajiye a kogunan Kabayan, zanen yana nan a fatarsu bayan ɗaruruwan shekaru. Mulkin Sifaniya ya ɗauki shekara 333, daga 1565 zuwa 1898, ya shafe al'adar a ƙasar kwari da bakin teku. Mutanen kan dutse ne Sifaniya ba ta taɓa iya tanƙwarawa gaba ɗaya ba, a wurinsu zanen ya fake.

TAMBAYA: Goggo, ina aiki a wani asibiti a Jidda tare da wani ɗan Filifin. Yana da ɗigo uku baƙaƙe a jere a wuyan hannunsa, ya ce tafiyar kwana guda ya yi don a yi masa su, kuma da ƙaya aka yi. Na ji nauyin matsa masa da tambaya. Yaya ake zane da ƙaya, kuma mene ne ma'anar ɗigon uku?
Daga wani ɗanku a Jidda.

AMSA: Ɗana, abokin aikinka Buscalan ya je. Ɗigo ukun nan sa hannun Apo Whang-od ne. Ɗaya ita, biyu kuma jikokin 'yan'uwanta da ta koya wa sana'ar, Grace Palicas da Elyang Wigan. Whang-od ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. An ce saurayin da take so ya rasu tana budurwa, ta zauna haka. A al'adarsu kuwa ba a miƙa batok sai ga jini, sun yi imanin cewa in bare ya karɓa, zanen zai ruɓe a jikin wanda aka yi wa. Grace tana da shekara goma ta fara zama a gefenta. Da ƙarfi ya ragu wa tsohuwar, sai ta bar wa matasa manyan zane, ita kuma ta tsaya kan ɗigon uku.

Kayan aikin duka za su shiga aljihun rigarka. Ƙaya ce ta itacen lemo, ko wani babban lemo da ya kai girman ƙaramar ƙwarya, ko wani ƙaramin lemon tsami da suke kira kalamansi. Ana soka ƙayar a bakin wani ɗan sandan gora mai tsawon kamu ɗaya da 'yan kai, tsininta yana kallon ƙasa. Tawadar kuwa baƙin tukunya ne ko garin gawayi da aka dama da ruwa a ɓawon kwakwa. Da farko mai zanen za ta tsoma siririn karan ciyawa a tawadar ta fitar da siffar a kan fata. Sai ta shafa baƙin a bakin ƙayar, ta riƙe sandan da hannu ɗaya a saitin layin, ta ɗauki sanda na biyu tana bugun na farkon. Tak, tak, tak, kusan sau ɗari a minti guda. Kowane bugu yana cusa ƙayar cikin fata ya bar baƙi a ciki. Jini yana tsattsafowa, a goge, a sake bi. In an gama a shafa man kwakwa.

Na kalli bidiyonta ya fi sau goma, kuma ba fuskarta nake kallo ba, wuyan hannunta nake kallo. Duk gwanintar tana wurin. In bugun ya yi sauƙi, baƙin ba zai zauna ba, in ya yi nauyi, fata ta tsage layin ya baje. Fatar haƙarƙari daban, ta damtse daban, ta tsoho daban, ta saurayi daban. Mahaifina yakan ce aska ba ta da ido, hannu ne idonta. Ba a koyon wannan a littafi, sai an zauna shekaru kusa da mai yi.

Da zafi, ƙwarai ma. A dā juriyar zafin tana cikin abin da ake nema. Kuma zanen yana da masu shi. Namiji ba ya samun zanen ƙirji sai ya fita yaƙi ya kashe abokin gaba, domin mutanen tsaunukan nan sun yi zamanin da ƙauye ke kai wa ƙauye hari a sare kai, ba zan ɓoye maka wannan ba. Turawan Amurka da suka karɓi ƙasar a 1898 suka hana. Tsofaffin ƙarshe da suka sami irin wannan zane da yawansu a yaƙin duniya na biyu suka same shi, wajen fafatawa da sojojin Japan. Mata kuwa ado ne da alamar an isa aure. Ana yi musu siffar fatar mesa a hannuwa, da shanshani wanda suke kira gayaman suke ɗaukarsa mai tsaro, da damin shinkafa, da ganyaye, da tsaunuka. Uba yakan biya da shinkafa ko duwatsun ado ko dabba don a yi wa 'yarsa. Tsofaffinsu suna cewa duk abin da mutum ya tara a nan zai bar shi, zanen ne kaɗai ake binne shi da shi.

Tunda a asibiti kake, ka fi ni sanin sauran. Duk abin da ya huda fata ya taɓa jini yana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani zuwa wani. Yanzu kowane baƙo da tasa sabuwar ƙayar, har yakan tafi da ita gida. Amma ƙaya kaɗai ba ta isa ba, akwai tsumman gogewa da ƙoƙon tawada. Wannan magana ɗaya ce da wadda nake yi wa yayyena kan aska da ƙaho tun ba yau ba.

TAMBAYA: Hajiya, ina girmama shafinki, amma ban ji daɗin yabon da kika yi wa matar nan ba. Hadisi ya inganta cewa an la'anci mai yin zanen jiki da wadda ake yi wa. Me ya kai mujallar Musulmi tallata haram?
Daga wani malami a Sakkwato.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, na gode da wannan tunatarwa, kuma hadisin yana nan a Bukhari da Muslim kamar yadda ka faɗa. Ban ce wa kowa ya je ya yi ba, ba kuma zan ce ba. Ni kaina ba ni da ko ɗigo, 'ya'yana ma haka. Mahaifina ya daina yi wa mata jarfa tun ina ƙarama, bayan wani malamin zaure ya karanta masa wannan hadisin, ya kuma mutu yana istigfari a kan na baya.

Abin da na yaba, Malam, riƙon amana ne. Mutanen nan ba Musulmi ba ne, hukuncinmu bai taɓa isa kan dutsensu ba. An zo da makarantun mishan aka ce wa 'yan matansu su rufe hannuwa da dogon hannun riga, aka mai da abin da uwayensu ke alfahari da shi abin kunya a birni. Abokan sana'arta suka mutu ɗaya bayan ɗaya, samari suka daina zuwa. Matar nan ta ci gaba da noman shinkafarta, ta riƙe siffofin nan da sunayensu a ka shekara da shekaru, ba wanda ke biyanta, ba wanda ke tambayarta. Sanin yadda wata al'umma ta rubuta tarihinta daban ne da kwaikwayonta. Malamanmu sun karanta waƙoƙin Larabawan jahiliyya sun kuma koyar da su, ba su koma bautar gumaka ba.

TAMBAYA: Goggo, ina karatun tarihi. Wani malaminmu ya ce abin da ake yi a Buscalan yanzu kasuwa ce kawai, al'adar ta riga ta mutu, baƙi ne ke tatsar tsohuwa. Ke me kika gani?
Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ɗana, malaminka yana da hujja, bari in fara da ita. Duniya ta san Whang-od ne bayan wani Ba'amurke masanin al'adu, Lars Krutak, ya nuna ta a wani shirin tashar Discovery a 2009. Daga nan baƙi suka fara hawa dutsen, da kaɗan-kaɗan, har ya zama layi ake bi. A watan Oktoban 2017 aka ɗauko ta zuwa wani bajekolin kasuwanci a Manila. Cikin kwana biyu ita da 'yan koyonta suka yi wa kusan mutum 300 zane, sai ga hotonta ya bazu tana barci a kan kujera a gaban taro. Masu shirya bikin sun ce da yardarta ta zo. Ni dai da na ga hoton, kakata na gani, kuma na yi hawaye. Mace mai shekara ɗari ba ta kamata a jera mata mutum ɗari uku ba, ko da ita ta ce a jera.

A watan Agustan 2021 kuma wani kamfanin koyarwa ta intanet, Nas Academy, ya tallata darasin koyon zanen da sunanta a kan peso 750, kuɗin Filifin. Grace Palicas ta fito ta ce kakarta ba ta san da wannan ba. Kamfanin ya nuna bidiyonta tana dangwala yatsa a takarda. Hukumar kula da 'yan asalin ƙasa ta Filifin ta shiga maganar, ta ce tsohuwar ba ta fahimci abin da ke cikin takardar ba, kuma zanen ba mallakarta ita kaɗai ba ne, na ƙabilar ne duka. Suna da dokar 1997 da ta ce ba a taɓa irin wannan gado sai an nemi yardar al'umma tun kafin a fara, an kuma yi musu bayani da harshensu. Aka janye darasin, aka soke yarjejeniyar, kamfanin ya ba dattawan ƙauyen haƙuri.

To, a nan ne na rabu da malaminka. Wa ya tsayar da kamfanin? Yarinyar da ta zauna gefen tsohuwar tun tana shekara goma. Abin da ya mutu ba ya da mai tare masa faɗa. Gaskiya ne ma'anar ta sauya. Ba wanda ke samun zane yau don ya sare kai, kuma ba mai fatan a koma can. Baƙon da ya zaɓi shanshani daga jikin allo bai san rabin abin da yake nufi ba. Amma kuɗin da ke shigowa ya sa matasan Buscalan da yawa, mafi yawansu mata, sun ɗauki ƙaya da gora maimakon su gangara Manila aikatau. Wata malamar jami'a a birnin Baguio na arewacin Filifin, Analyn Salvador-Amores, ta shafe shekaru tana zama da tsofaffin Butbut tana rubuta sunan kowace siffa da labarinta. 'Yan Filifin da aka haifa a Amurka suna dawowa neman zanen kakanninsu. Gwamnati ma ta farka, ko da a makare. A 2018 hukumar al'adu ta ƙasa ta ba Whang-od lambar Dangal ng Haraya, a watan Fabrairun 2024 kuma shugaban ƙasa ya rataya mata lambar yabo.

Tunda tarihi kake karantawa, ga abin da nake so ka bincika, domin shi ne bai cika fitowa a hotunan Facebook ba. A shekarun 1970 gwamnatin Ferdinand Marcos ta shirya gina madatsun ruwa huɗu a kogin Chico da tallafin Bankin Duniya. Da an gina, da ruwa ya cinye gonaki da kaburbura da ƙauyukan mutum kusan dubu ɗari. Ƙabilun da suka saba yaƙar juna suka ɗauko tsohuwar yarjejeniyarsu ta sulhu, wadda suke kira bodong, suka haɗa kai. Jagoransu Macli-ing Dulag ɗan Butbut ne, ƙabilar Whang-od. Sojoji suka harbe shi a gidansa a ƙauyen Bugnay ranar 24 ga Afrilun 1980. A cikin wannan gwagwarmaya akwai lokutan da tsofaffin mata suka tuɓe riguna suka tsaya a gaban sojoji da ma'aikatan awo, zanen hannuwansu da ƙirjinsu a fili, abin da a al'adarsu ya fi kowace tsinuwa nauyi. Ba a gina madatsun ba. Gonakin da baƙi ke ratsawa yau su hau wurin tsohuwar, matan nan masu zane suna cikin waɗanda suka hana ruwa ya shanye irinsu.

TAMBAYA: Goggo, shin zanen nan kamar lalle yake, yana gogewa? Kuma mu ma muna da irinsa?
Daga wata amarya a Maraɗi.

AMSA: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Lalle a saman fata yake zama, mako biyu zuwa uku ya tafi. Wannan a cikin fata yake, ba ya fita har abada, sai dai ya yi shuɗi-shuɗi ya ɗan baje in an tsufa.

Muna da danginsa, shi ne jarfa. Bambancin shi ne wanzami da bakin aska yake tsattsagawa sannan ya shafa baƙin tukunya, su kuwa hudawa suke yi da ƙaya. A kudancin Filifin ma, a tsibirin Mindanawo, akwai mutanen Manobo da ke yin nasu da 'yar wuƙa kamar namu. Kada ki haɗa jarfa da zanen gado irin na Gobirawa ko bille, wanda ake yi wa jariri don a san gidansu. Jarfa budurwa ce ke zuwa da ƙafarta ta nema, don kwalliya. A Najeriya dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro zane ko tsaga, kuma tun kafin dokar ma wa'azi da boko sun riga sun kashe kasuwar.

Kakata ta wajen uba tana da ita. Ɗige-ɗige ne layi uku da suka zagaye wuyanta kamar sarƙa, da siffar ƙadangare a damtsenta na hagu. Ina yarinya nakan kwanta a cinyarta ina bin ƙadangaren da yatsa, tana kaɗa ni da mafici. Sau ɗaya na tambaye ta wa ya yi mata, ta yi dariya ta ce kakanka ne, kafin ya zama kakanka. Ban ƙara tambaya ba. Ban tambaye ta sunan zanen wuyan ba, ko nawa aka biya, ko waƙar da ƙawayenta suka yi mata lokacin da ake yi, alhali na ji tana cewa akwai waƙa. Na bari sai na girma. Ta rasu ina aji uku a sakandare. Ni ce na riƙe buta ranar da aka yi mata wanka, ina tsaye ta wajen kanta. Hannun ya rame har fata ta naɗe, amma da aka ɗaga shi don a zuba ruwa, ƙadangaren yana nan da ƙafafunsa huɗu da jelarsa. Gwaggona ta shafa shi da tafin hannunta sau ɗaya, sannan aka ja likkafani.